Wuƙa da Nama a Hannun Wa? Janar Manaja da Garambawul a Kamfanonin Fasaha

A 1997 kamfanin Apple yana kan gargara. Cinikinsa na shekara ya zube zuwa kusan dala biliyan 7, asarar da ya tafka ta haura dala biliyan 1, har wasu mujallun Amurka sun fara yi masa ta'aziyya tun yana numfashi. A wannan halin ne Steve Jobs ya koma gidan da ya bari shekara 12 kafin nan. An fi tuna shi da yadda ya share tarkacen kayayyakin kamfanin ya bar kwamfuta iri huɗu. Amma akwai wani aikin da ya yi a shekararsa ta farko wanda ba a cika kawo shi a hira ba: rana ɗaya ya sallami janar-manajojin sassan kamfanin kakaf, ya tattara littattafan riba da asararsu ya mayar da su littafi guda. Joel Podolny, wanda ya daɗe yana jagorantar makarantar horar da ma'aikatan Apple, shi da Morten Hansen ne suka ba da labarin a mujallar Harvard Business Review a 2020.

Shekara bakwai bayan dawowar Jobs, a 2004, Jeff Bezos na Amazon ya bi ta wata hanyar. Ya kira Steve Kessel, mai kula da cinikin littattafai da faya-fayan waƙa da na fim, ya raba shi da wannan babbar kujera, ya yanka masa sabon sashe nasa na kansa. Aikin da ya ɗora masa shi ne ya gina kasuwar littafin da ake karantawa a na'ura, ko da hakan zai kashe kasuwar littafin takarda da ya baro. A 2007 na'urar, mai suna Kindle, ta fito.

Ɗaya ya rushe kujerar, ɗaya ya kafa ta, kuma dukansu sun ci riba. To wane ne wannan janar manajan da ake fara taɓawa duk lokacin da kamfanin fasaha ya tashi yin garambawul?

Yaron da aka ba wa shago

Wanda ya san Kantin Kwari ya san bambancin yaron shago da yaron da aka ba wa shago. Na farko aikinsa a ƙayyade yake: ya ɗauko dila daga sito, ya kwance, ya jera, ya raka baƙo tasha. Na biyu kuwa an damƙa masa makulli da jari da littafi. Shi zai lura da atamfar da ke tafiya ya saro ta. Shi zai san wanda za a ba bashi da wanda za a ce wa, "Sai haƙuri, Alhaji, kayan ba nawa ba ne." Shi zai karya farashi kafin sallah ta wuce kaya su yi kwantai. Ƙarshen shekara maigida ya zo a turo ƙofa a zauna lissafi, kuma ba labarin tsadar dala ya zo ji ba. Ina uwar kuɗi, ina riba?

Janar manaja a kamfanin fasaha shi ne wannan yaro na biyu, sai dai shagonsa na iya zama na dala biliyan goma. Injiniyoyin da ke ƙera kayan, da masu zana siffarsa, da masu talla, da masu sayarwa, da akantoci, duk ƙarƙashinsa suke, kuma da sunansa ake rubuta ribar sashen ko asararsa. Wuƙa da nama na hannunsa, haka ma laifi in an faɗi.

Akwai kuma tsarin da ba ya buƙatarsa. Shi ne irin na sana'o'in birni a da, inda kowane maƙeri ke bin Sarkin Maƙera, garma yake ƙerawa ko takobi. A kamfani, ma'anarsa ita ce duk masu rubuta manhaja suna da shugaba ɗaya, masu ƙera jikin na'ura suna da nasu, masu talla ma haka, ko waya ake yi ko agogo. Babu mai shago. Hanyoyin duka sai a teburin shugaban kamfani suke haɗuwa.

Mafi yawan abin da ake kira garambawul a waɗannan kamfanoni, in an tuɓe masa babbar rigar Turancin da ake sanya masa a sanarwa, ƙaura ce tsakanin gidajen nan biyu: kowa da shagonsa, ko kowa da sana'arsa.

Inda aka samo kujerar

Masu albarushi da masu mota ne suka haife ta. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kamfanin DuPont na Amurka, wanda ya yi arziki da abubuwan fashewa, ya shiga yin fenti da rini da sauran sinadarai. Sai aka tarar mutanen da suka ƙware a sayar wa gwamnatoci albarushi tan-tan sun kasa sayar wa mai kanti gwangwanin fenti. Asara ta biyo baya, shi ya sa a 1921 aka raba kamfanin kashi-kashi, kowane kaya da shugabansa. A tsakanin nan ne Alfred Sloan, wanda ya zama shugaban General Motors a 1923, ya jera motocin kamfaninsa daga Chevrolet ta mai ƙaramin ƙarfi har Cadillac ta attajiri, kowace da janar manajanta da irin aljihun da take nema. Hedikwata ta riƙe rabon jari da awon sakamako. Ford, wanda ya dogara da mota iri ɗaya da umarnin mutum ɗaya, yana ji yana gani aka wuce shi. Masanin tarihin kasuwanci Alfred Chandler ya bi sawun wannan a littafinsa na 1962, ya nuna cewa tsarin kamfani dabarar kasuwancinsa yake bi: ka yawaita kaya da kasuwanni, dole ka yawaita masu riƙe littafi.

Tsarin ya dace da motoci saboda wani dalili mai sauƙi. Mai Chevrolet ba ya buƙatar motarsa ta yi magana da Cadillac ɗin maƙwabcinsa. Wayarka kuwa dole ta gane kwamfutarka, ta gane agogonka, ta gane rumbun hotunanka da ke intanet. Da kaya suka fara jingina da juna haka, sai katangar da ke kare shagon janar manaja ta koma tarnaƙi.

Gida ɗaya, tukunya takwas

Sony na Japan ne ya fi kowa ɗanɗana wannan. Shi ya kawo Walkman, 'yar na'urar sauraren waƙa, a 1979. Yana da kamfanin waƙa nasa tun da ya sayi CBS Records a 1988, a wancan zamanin kuma yana ƙera kwamfuta, yana yin batir. Duk abin da ake buƙata don mamaye waƙar zamanin intanet yana ƙarƙashin rufinsa. A 1994 aka raba shi zuwa kamfanoni takwas na cikin gida, kowanne da shugabansa da littafinsa. Shekara biyar bayan haka, a baje-kolin kwamfuta na Comdex da aka yi a Las Vegas a 1999, Sony ya hau dandamali da na'urorin sauraren waƙa biyu masu kishi da juna, ɗaya daga ɓangaren masu Walkman, ɗaya daga masu kwamfutar Vaio. Ga kuma tsoron satar waƙa, wanda ya sa suka fito a ɗaure da manhajar hana kwafi mai wuyar sha'ani.

Babu wanda ya ci amana a cikin shugabannin nan. Kowanne abin da littafinsa ya umarce shi ya yi, kuma a nan matsalar take. Mutumin da za a auna shi da ribar tukunyarsa ba zai ɗebi itacensa ya zuba a murhun wani ba. A Oktoban 2001 Apple ya fito da iPod, kasuwar ta koma hannunsa. Da aka naɗa Howard Stringer shugaban Sony a 2005, babban abin da ya sa gaba shi ne rushe waɗannan katangu.

Dubi ɗaya gefen. A 2006 kusan kashi 40 cikin 100 na cinikin Apple daga iPod yake fitowa. A 2007 kamfanin ya fito da iPhone, ya cusa mata duk aikin da iPod ke yi. Da akwai janar manajan iPod, wanda garaɓasarsa ta ƙarshen shekara ke rataye da yawan wadda aka sayar, da ya kawo dalili goma na jinkirta abin. Da yake babu shi, mai saniyar ne ya yanka ta da hannunsa, tun tana ba da nono. A 2022 aka daina yin iPod baki ɗaya.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Aikin da janar-manajojin nan ke yi bai bi su waje ba ranar da aka sallame su. Sama ya hau, ya taru a kan mutum ɗaya. In masu kyamara na son girman da masu zane ba sa so, ko masu batir suka ce abin da masu manhaja ke nema zai shanye caji, babu mai shagon da zai raba gardama. Sai an yi ta muhawara har ta kai ga manya. Ma'aikatan Apple sun tashi daga kusan 8,000 a 1997 zuwa 137,000 a 2019, amma har lokacin shugaban kamfani ne kaɗai hanyoyin ke haɗuwa a gabansa. Tsarin yana tafiya ne saboda kayan kamfanin ba su da yawa, kuma saboda ba a haƙuri da wanda ba ya iya zama da mutane. Da Tim Cook, wanda ya gaji Jobs a 2011, ya raba gari da ɗaya daga cikin manyan mataimakansa, Scott Forstall, a Oktoban 2012 bayan abin kunyar manhajar taswira, ƙarin haɗin kai tsakanin sassa ne aka kafa hujja da shi a sanarwar.

Uwargida Windows

A 2011 wani injiniya mai suna Manu Cornet ya yi zanen barkwanci na tsarin manyan kamfanonin fasaha. A na Microsoft, sai ya zana sassan kamfanin kowanne ya auna ɗan'uwansa da bindiga. Zanen ya zaga duniya don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A lokacin kamfanin yana da manyan sassa biyar, kowanne da littafinsa, kuma Windows ce uwargida: duk sabon abu sai an duba ko zai taɓa mata rabo.

Ranar 11 ga Yulin 2013, shugaban kamfanin, Steve Ballmer, ya sanar da rushe waɗannan sassa. Aka mayar da injiniyoyi rukuni huɗu bisa irin aikinsu, talla da kuɗi kuma aka tattara su wuri guda. Salon Apple ne a kamfanin da ke sayar da komai, tun daga na'urar wasan Xbox har manhajar da bankuna ke ajiye bayanai da ita. Mako shida bayan haka Ballmer ya ce zai sauka. Wanda ya gaje shi a Fabrairun 2014, Satya Nadella, ɗaya ne daga cikin masu shagon da aka rushe, domin tun 2011 shi ke riƙe da sashen manhajojin manyan kwamfutocin kamfanoni.

Abin da ya sauya Microsoft bai tsaya ga sabon jadawalin muƙamai ba. A Nuwamban 2013 aka soke tsarin awon ma'aikata da ke tilasta wa kowane shugaba ya jera mutanensa daga gwani zuwa rago, ko da dukansu gwanaye ne, tsarin da ya mayar da abokin aiki abokin gaba. A Maris ɗin 2014 aka saki manhajar Office ta Microsoft a kan iPad ta Apple, wato aka kai kayan gida kasuwar kishiya ba tare da neman izinin uwargida ba. A Maris ɗin 2018 kuma Terry Myerson, shugaban Windows, ya tafi, aka raba sashen nasa tsakanin rukunai biyu. Duk da haka Nadella bai ƙi mai shago ba inda ya ga amfaninsa: da ya sayi LinkedIn a 2016 kan dala biliyan 26, ya bar shi da shugabansa.

Taura biyu ba ta taunuwa

Amazon kuwa ya gina kansa ne a kan janar-manajoji. Ƙa'idarsa ita ce duk sabon aiki mai muhimmanci a ba shi mutum ɗaya wanda ba shi da wani aikin sai shi, da 'yar tawagar da ba sai ta jira wani sashe ba kafin ta motsa. Hikimar a bayyane take. In ka ɗora wa mai riƙe da babban shago renon jaririn kasuwanci, kullum babban shagon ne zai cinye masa rana, domin shi ke kawo kuɗi yau.

Haka Andy Jassy ya reni AWS, sashen da ke ba kamfanoni hayar ƙarfin kwamfuta da rumbun ajiya ta intanet, wanda ya fara aiki a 2006. Mai hayar rumbun bayanai da mai sayen sabulu ba abokin ciniki ɗaya ba ne, don haka katangar da ta cuci Sony ta zama garkuwa a nan. A 2024 cinikin AWS ya haura dala biliyan 107, kuma fiye da rabin ribar ayyukan Amazon gaba ɗaya daga nan ta fito. A 2021 Jassy ya gaji Bezos.

Jassy da Nadella sun nuna wani amfanin kujerar da ba a cika lissafawa da shi ba. Ita ce makarantar shugabanci. A nan mutum ke koyon auna injiniya da ɗan talla da akanta a sikeli ɗaya. Kamfanin da ya rushe ta, ranar neman magaji zai tarar yana da gwanaye da yawa, kowanne ɓangare ɗaya na gidan ya sani.

Guga tsakanin rijiya da baki

Ranar da sanarwar garambawul ta fito, shugaban kamfani ya gama nasa da shafi biyu. Daga nan na janar manaja ke farawa. Shi zai mayar da manyan kalmomi su zama amsar tambayar da kowa ke yi a zuci: wa zan riƙa kai wa rahoto, aikin da na yi wata takwas ina yi yana nan ko ya mutu, kujerata fa? Shi zai zauna rabon gado da takwarorinsa a kan injiniyoyi da kasafi. Shi zai riƙe abokan ciniki kada su ji girgizar. Sau da yawa yana yin duk wannan alhali tasa kujerar ma tana rawa. Kuma akwai aiki na ƙarshe da ya fi sauran nauyi, wato kai gaskiya sama.

Nokia, mai ƙaramar wayar tocilar nan da ta shiga kowane ƙauye a ƙasar Hausa, tana riƙe da kusan kashi 40 cikin 100 na kasuwar wayar duniya a ƙarshen 2007. Ba a rasa garambawul a gidan ba: an yi a 2004, an sake a 2008, an ƙara a 2010 da 2011. Masu bincike biyu, Timo Vuori da Quy Huy, sun yi hira da mutum 76, manyan shugabanni da na tsakiya da injiniyoyi da masana na waje, suka wallafa sakamakon a 2016. Abin da suka gano tsoro ne. Na sama suna tsoron Apple da masu hannun jari, sai suka matsa wa na ƙasa. Na tsakiya suna tsoron na sama da takwarorinsu, sai suka riƙa kai rahoto mai daɗin ji game da Symbian, manhajar wayoyinsu, alhali injiniyoyi sun san ta gaza. Ilimin yana cikin rijiyar, guga ne ya hana. Sauye-sauyen kujeru a irin wannan yanayi gyaran gangar Auzinawa ne, tunda kowane sabon zubi sai ya ƙara wa mutum dalilin kare kansa. A 2013 Microsoft ya amince ya sayi sashen wayar Nokia kan dala biliyan 7 da 'yan kai, a 2015 ya rubuta kusan dukkan kuɗin a shafin asara.

Yadda za a karanta labarin gaba

A 'yan shekarun nan ana yawan jin cewa kamfanonin fasaha na rage manajoji. Meta ta sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, ta sanar da ƙarin 10,000 a Maris ɗin 2023, ta ce za ta rage hawa-hawan shugabanci. A Satumban 2024 Jassy ya nemi a ƙara yawan masu aiki da hannunsu a kan kowane manaja da aƙalla kashi 15 cikin 100. Kada a haɗa wannan da abin da Jobs ya yi. Waɗannan masu duba aiki ne na tsakiya, irin waɗanda Google ya gwada cirewa a 2002, bayan 'yan watanni ya mayar da su da ƙorafe-ƙorafen yau da kullum suka fara cika teburin masu kamfanin. Rage su rage matakala ne. Taɓa janar manaja kuwa sauya mai littafi ne, kamar yadda Brian Chesky, shugaban Airbnb, ya yi a 2020, lokacin da korona ta tsayar da tafiye-tafiye: ya sallami kusan mutum 1,900, ya narkar da sassan kamfanin ya koma tsarin sana'a-sana'a.

Abin ya iso har gida. Da MTN da Airtel suka shiga harkar ajiya da tura kuɗi a Najeriya a 2022, da MoMo da SmartCash, kowanne sai da ya kafa kamfani na daban mai shugabansa, domin ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta ce ta hannun reshe kamfanin sadarwa zai riƙe irin wannan lasisi. Wani lokacin doka ce ke yanka shagon, ba dabarar maigida ba.

Saboda haka in ka ji kamfani ya yi garambawul, tsallake sakin layin farko na sanarwar, inda ake maganar sauri da haɗin kai. Nemi sunan wanda aka karɓe wa littafi da wanda aka miƙa wa. Duba ko kayan kamfanin na jingine da juna ne kamar na Apple, ko kowanne da kasuwarsa kamar na Amazon. Sannan ka ga ko an sauya abin da ake auna mutane da shi, domin in ba a sauya ba, sunan ofis kawai aka fente.

'Yan Kwari sun daɗe da sanin sauran. Maigidan da ya raba wa yaransa makullai dole ya haƙura ranar da biyu daga cikinsu suka karya wa juna farashi a layi ɗaya. Wanda kuma ya karɓe makullan duka ya zuba a aljihunsa, to ya shirya: shi zai buɗe da safe, shi zai rufe bayan la'asar, kuma duk mai neman ragi gabansa za a kawo shi.